Katin Kirsimeti: Mu Yi Namu da Hannunmu, da Harshenmu

Ga kaka ta yi, hunturu ya fara busawa, Kirsimeti kuwa ta ƙarato. Ina da shawara guda wadda nake so kowace ƙungiyar manoma ta ikilisiya ta duba a taronta na gaba. Shawarar ita ce, bana mu yi katunan gaisuwa da 'yan takardun da ake ɗaura wa kyauta da hannunmu, mu kuma rubuta su da Hausa.

Duk wanda ya taɓa sayen katin Kirsimeti a kanti ya san irin abin da ke jikinsa. Ga ƙanƙara ta rufe gida, ga wani tsoho mai jar riga, ga itacen da ba ya tsirowa a ƙasarmu, rubutun kuma duk Turanci. Ba abin mamaki ba ne, gama al'adar daga Ingila ta fito. A shekarar 1843 wani Bature mai suna Henry Cole ya sa aka buga masa kati dubu ɗaya a birnin Landan, aka sayar da kowanne sule ɗaya. Su sun zana abin da suka sani. To, mu me ya hana mu zana namu? In ka miƙa wa tsohuwa a ƙauye irin wannan kati, sai ta juya shi ta ajiye, ba ta san abin da ya ce ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Sau da yawa akan ce mana addininmu na baƙi ne, wai Bahaushe ba ya zama Kirista. Amma tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Tun ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka soma jinyar kutare a Babbar Ruga, nan kusa da birnin Katsina. A 2023 kuma Cocin Katolika ta naɗa ɗan ƙasar Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop na farko na Katsina. In haka ne, don me gaisuwarmu ta babbar rana za ta riƙa fitowa da harshen wasu da hoton ƙasar wasu? Labarin haihuwar Mai Ceto a Luka sura 2 ai labarin makiyaya ne, da tumaki, da komin dabbobi, da mutanen da suka rasa masauki. Babu abin da manomin Katsina bai sani ba a ciki.

Kayan aikin ba su da wuyar samu. Kwalin zane irin na 'yan makaranta guda ɗaya, in an yanka shi gida takwas, ya ba da kati takwas. Kwalin sabulu ko na shayi ya isa yin 'yan takardun kyauta. A yanka shi faɗin yatsu uku, a huda da basilla, a zura zare ko kaba. Abin mannawa kuwa, a jiƙa ƙaro ya kwana, ko a dama garin rogo da ruwan zafi ya yi kauri. Zoɓo ya ba da ja, gangamau ya ba da rawaya, shuni ya ba da shuɗi. A raba dankali biyu, a sassaƙa tauraro a jikinsa, a tsoma a launi a riƙa bugawa kamar hatimi. Da sillen kara yara za su iya manna siffar bukka da rumbu. Wanda ya iya zane ya kewaye gefen katin da irin adon da magina ke yi a bangon soro.

Na san wani zai ce, "Malam, wannan ai wasan yara ne, mu muna fama da tsadar taki." Gaskiya ne taki ya yi tsada. Shi ya sa ma bai kamata kuɗin da aka sha wuya a gona a kai shi kanti don takarda ba. Bayan haka, ku lura da amfanin da ke ciki. Muna da manya a ajin yaƙi da jahilci waɗanda suka koyi haruffa amma ba su taɓa rubuta wa kowa komai ba. Ranar da dattijo ya rubuta sunan ƙanensa da hannunsa ya aika, ya san wahalarsa ba ta tafi a banza ba. Kuma ƙungiyar da ta saba ɗaura takarda mai suna a kan ƙullin kyauta, gobe ba za ta sha wuyar rubuta sunanta da irin amfanin da yawan mudu a kan buhun wake da za ta kai kasuwa ba.

Wani kuma zai ce ga waya, saƙon WhatsApp ya fi sauri. Ya fi sauri kam, ga masu babbar waya da kuɗin data da wurin caji. Gwauruwar da ke bayan gari fa? Iyalan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana suka zo suka raɓe a birni fa? Su waɗannan sai an taka an je. Kati ba ya kai kansa, dole wani ya ɗauke shi ya yi sallama a ƙofar gida. Zumunta a ƙafa take.

Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, in za a kai hatsi ko tufa ga mabukaci, a rubuta sunansa da na ƙungiya kaɗai, kada a sa sunan wanda ya bayar. Ubangiji ya gargaɗe mu a Matiyu sura 6 kada mu yi sadaka don mutane su gani. Na biyu, maƙwabtanmu Musulmi sukan aiko mana da nama ran Babbar Salla, mu ma mukan aika musu da abinci ran Kirsimeti. Takardar da za a ɗaura wa kwanonsu ta zama gaisuwa ce da fatan alheri, cikin ladabi da girmamawa. Kwanon shinkafa ba wurin gardama ba ne.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su keɓe yamma biyu a farkon Disamba. Zumuntar Mata ta haɗa launi, 'yan Makarantar Lahadi su yi yanka da manni, 'yan yaƙi da jahilci su yi rubutu, dattawa su tsara sunayen gidajen da za a kai wa, kada a manta da kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ta gwada ta rubuto wa wannan jarida yadda aikin ya kasance, domin sauran su ƙaru.

Allah ya kai mu Kirsimeti lafiya, ya ba ƙasarmu salama. Amin.