Rumsiki: Mu Daina Jiran Gawon Shanu, Mu Buɗe Hanyoyin Keke

Duk ɗan kasuwar da ya kai shekara 40 a wannan yanki namu zai iya tuna lokacin da ba a raba hanyar Marwa zuwa Mokolo da motocin Turawa masu yawon buɗe ido, musamman daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Su sauka a filin jirgin saman Garwa ko na Marwa, su leƙa gandun dajin Waza kallon raƙuman dawa da giwaye, daga nan su hau tsaunukan Mandara har Rumsiki, garin nan na Kapsiki da bai fi tafiyar 'yan kilomitoci zuwa iyakar Najeriya ba. Abin da ke kai su shi ne dogayen duwatsun nan da suka miƙe tsaye kamar an kafa su da hannu, waɗanda mafi shahararsu ya kai mita 1,224 daga doron teku. Tun zamanin mulkin mallaka sunan wurin ya shiga littattafan Faransawa, kuma har yau da wuya a ga takardar tallan ƙasar Kamaru da babu hoton dutsen Rumsiki a jikinta.

A wancan lokaci ba masu otal kaɗai ke cin moriyar baƙin ba. Dukawan kasuwar sana'o'in hannu ta Marwa, masaƙa da maƙeran tagulla na ƙasar Kapsiki, masu canjin kuɗi, direbobi, masu nama da masu shayi, kowa yana samun rabonsa. Har bokan nan mai duba da ƙaguwa a Rumsiki, layi ake yi masa. Da yawa daga cikin takalma, jakunkunan fata da yadin da baƙin ke saye, ta hannun Hausawa suka fito, wasu tun daga Kano.

Kowa ya san yadda wannan kasuwa ta watse. A watan Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa 7 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga, bayan sun fito daga Waza, ba a sako su ba sai a watan Afrilu. A Nuwamban wannan shekarar aka ɗauke wani limamin coci Bafaranshe a yankin Koza. A 2014 aka sace limaman coci 2 'yan Italiya da wata 'yar Kanada a kusa da Marwa, sannan ma'aikata 10 'yan ƙasar Sin a Waza, aka kuma kai hari Kolofata a watan Yuli. A tsallaken iyaka kuwa, Michika da Mubi suka faɗa hannun maharan kafin ƙarshen shekarar, kafin sojoji su ƙwato su. Ƙasashen Turai suka shafa wa Jihar Arewa Mai Nisa jan launi a taswirar gargaɗin da suke ba 'yan ƙasarsu, kuma da zarar an yi haka, kamfanonin da ke shirya tafiye-tafiye ba sa ƙara sa sunan wuri a jadawalinsu. Daga baya rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da annobar korona suka ƙarasa abin da ya rage.

Sama da shekara 10 ke nan, kuma maganar da muke ji a bakin masu masauki da 'yan rakiya ba ta canja ba: in Allah ya kawo zaman lafiya, Turawa za su dawo. A namu ra'ayin wannan zaman jiran gawon shanu ne. Ko sun dawo, ba lallai ba ne su dawo yadda suka tafi, domin shi kansa yawon buɗe idon ya sake kama a duniya. Matasa da dama yanzu ba sa son a kulle su cikin mota mai sanyi ana nuna masu dutse ta gilashi. Sun fi son su hau keke mai giya da manyan tayoyi, wanda masu jin Faransanci ke kira VTT, su bi ƙananan hanyoyin ƙafa daga ƙauye zuwa ƙauye.

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin wasan yara. A Afirka ta Kudu tun 2004 ake gudanar da tseren keken dutse mai suna Cape Epic, na kwana 8, wanda mahaya ke zuwa daga ƙasashe daban-daban. Ruwanda, wadda a 1994 ba a san ta da komai ba sai kisan ƙare dangi, ta tsara hanyar keke da ƙafa mai tsawon sama da kilomita 200 a gaɓar tafkin Kivu, kuma a Satumban 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a nahiyar Afirka. A Maroko ƙauyukan tsaunin Atlas na cin abinci da masu keke da masu tafiyar ƙasa. Hanyar Ruwanda da ta Atlas, yawancinsu hanyoyin da mutanen ƙauye ke bi ne tun fil azal. Abin da aka yi kawai shi ne aka auna su, aka sa masu alama, aka kuma faɗa wa baƙo inda zai ci da inda zai kwana.

To me ya shafi ɗan kasuwar Bukula, Gidar ko Mokolo da wannan? Amsar tana cikin saurin keken. Baƙon da ke cikin mota yakan taso daga Marwa da safe da ruwansa da abincinsa, ya shafe kilomita 80 zuwa Mokolo, ya ƙara kusan 50 zuwa Rumsiki, ya ɗauki hoto ya juya. Kuɗinsa na ƙarewa ne a hannun kamfanin da ya ba shi mota da otal guda. Shi kuwa mai keke a kan hawa da gangara, da ƙyar yake wuce kilomita 40 ko 50 a wuni. Ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi, saboda haka dole ya sayi ruwa a kowane zango, ya ci abincin da aka dafa a wurin, ya kwana a inda dare ya yi masa. Duwatsu na fasa masa taya, suna cinye birki, suna tsinka sarƙa. Yana buƙatar mai faci, yana buƙatar wanda zai ɗaukar masa jaka a babur zuwa zango na gaba, yana buƙatar mai katin waya da mai canji. Kuɗinsa a hanya yake zubewa kaɗan-kaɗan, kuma a bakin hanyar mu ne muke zaune.

Bugu da ƙari, keke ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu da Raleigh da Phoenix suka yi fatauci tsakanin kasuwannin iyaka, kuma lokacin da hukumomi suka taƙaita hawan babur a Arewa Mai Nisa saboda tsaro, keken ne mutane suka koma wa. Yaran da suka yi shekaru suna tsallako da jarkokin zuwa-zuwa ta hanyoyin dutse sun san kowace kwana da kowane rafi fiye da kowace taswira. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan sana'a ta ja baya, ga su nan zaune. Waɗannan su ne 'yan rakiyar da ake nema, in an ba su horo kaɗan da katin shaida.

Sai dai dole a faɗi gaskiya game da tsaro, domin rai ba a sake shi. Har yanzu akwai sassan Mayo-Tsanaga da ke fama da hare-hare, musamman ƙauyukan da ke manne da iyaka ta wajen Turu da Moskota, kuma garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa ta addabi wasu sassan Jihar Arewa. Kasuwar Turu ta ranar Alhamis, inda mata ke kifa jan ƙoƙo a ka, tana daga cikin abubuwan da baƙi suka fi so a da, amma duk wanda ya ja baƙo can yau don kwaɗayin 'yan kuɗi, ya cuci baƙon ya kuma cuci kowa. Sace mutum guda ya isa ya sake rufe ƙofar na wasu shekaru 10, kamar yadda muka gani a 2013.

Don haka muke ganin a fara daga ƙasa, daga Garwa. Ga dutsen Tingelin a bayan gari, ga kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, ga tafkin Lagdo da madatsarsa da aka gina tun farkon shekarun 1980, ga kwazazzabon Kola kusa da Gidar wanda ake shiga a ƙafa idan ruwa ya janye. Waɗannan sun isa a tsara tafiyar kwana 1, kwana 2 ko 3, mutum ya fita da safe ya dawo ko ya kwana a gari mai jami'an tsaro. Idan an ga abin ya zauna, sai a miƙa ta Gidar da Burha zuwa Rumsiki da Mogode, zango-zango, gwargwadon yadda jami'an tsaro da sarakunan yankin suka tabbatar da lafiyar hanya a wannan makon, ba a bara ba.

Su wa za su hau? A nan ne muka saba da masu jiran Turai. A watan Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, 'yan wasan Najeriya sun yi dukkan wasanninsu a filin Roumdé Adjia na Garwa, suka ci Masar, Sudan da Gini Bisau kafin Tunisiya ta fitar da su. Wanda ya ga yadda mutanen Yola, Mubi da sauran garuruwa suka cika garin, ya ga yadda masauki ya yi wuya, ya san akwai baƙi a kusa da mu. Ga ɗaliban jami'o'in Marwa, Ngaundare da Garwa, ga ma'aikatan kamfanin auduga da na bankuna, ga mutanen Yawunde da Duwala da ba su taɓa ganin arewacin ƙasarsu ba, ga na Njamena. Gaskiya ne faɗuwar darajar naira ta sa sefa ta yi wa ɗan Najeriya tsada, kuma babu wanda ya fi masu karatunmu sanin haka. Amma tafiyar keke ita ce mafi araha a cikin tafiye-tafiye, kuma mutanen Kapsiki da Kamwe na Michika al'umma ɗaya ce da iyaka ta raba, ba sa buƙatar tafinta.

Akwai kuma abin talla da ba mu da shi a da. Tun 1999 Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO, kuma a 2025 kufan gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy da ke ɓangaren Kamaru na tsaunukan Mandara suka bi sahu. Tsauni guda da wuraren tarihi biyu, ɗaya a kowane ɓangare na iyaka.

Abin da ya rage shi ne tsari, kuma a nan ne muka fi rauni. Baƙo yana son ya san komai kafin ya bar gida: wane wata, kilomita nawa, nawa zai kashe. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa kan haura digiri 40, wanda ya hau keke da tsakar rana a lokacin ya nemi wa kansa asibiti. Da damina kuma rafuka na cika ba sallama, hanyoyi su yanke. Ya kamata a ɗora jadawalin tafiya a kan ranakun kasuwa, a iso Mokolo ranar Laraba, a iso Rumsiki ranar Lahadi, domin ran kasuwa ne hanya ke cike da jama'a, abinci ke samuwa, ciniki kuma ke faɗawa. Sannan hanyoyin nan suna da masu su. Manoman dutse sun yi ƙarnoni suna jera duwatsu a gefen tsauni don riƙe ƙasar gonakinsu, akwai kuma wuraren da al'adarsu ta hana baƙo shiga. Ba za a shata hanya ba sai an zauna da lamido, lawanai da jaurawa, an kuma yanke abin da kowane ƙauye zai samu daga kowane mahayi.

Muna kira ga hukumomi kan abubuwa biyu da ba sa hannunmu. Na farko hanyar Mokolo zuwa Rumsiki, wadda aka daɗe ana kuka da ita, domin ko mai keke yana buƙatar motar da za ta kai shi asibiti in ya faɗi. Na biyu shingayen bincike. Babu mai jayayya da binciken takardu a yankin da ke fama da tsaro, amma baƙon da aka tsayar sau 10 a wuni, aka karɓi na goro a kowane shinge, ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa wasu. Mu da muke bin hanyoyin nan kullum mun saba, shi bai saba ba.

Sauran aikin namu ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Garwa, Gidar da Mokolo su zauna kafin ƙarshen damina, su tsayar da farashi guda na rakiya, masauki da hayar keke, a rubuta shi da Faransanci, Hausa da Fulatanci a manna a tasha, don a kawar da halin nan na ganin baƙo a ninka kuɗi. Masu sayar da kayan keke su tuna cewa tayar Phoenix ba ta shiga keken dutse, don haka masu zuwa Kano da Mubi sarin kaya su tambayi taya da tub masu inci 26, 27.5 da 29, da sarƙar keke mai giya da takalmin birki na faifai. A kuma zaɓi masu faci 2 ko 3 a kowane zango a koya masu gyaran giya kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.