Waƙafin Damagaram da Ɗigon Haɗeja

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san cewa in Badamagare ya ce "jika", Bahaɗeje ba ya sallamawa sai ya tambaya. Jikar mutumin Nijar sefa dubu ce, watau dala ɗari biyu, domin su da dala suke ƙirga kuɗi, kowace dala kuwa sefa biyar. Jakarmu ta nan fam ɗari ce a zamanin iyayenmu, da aka canja kuɗi ran 1 ga Janairu 1973 ta koma naira ɗari biyu. Dillalin shanu bai yi boko ba, amma ba ya karɓar adadi sai ya san da bakin wace ƙasa aka faɗe shi. Abin da nake so in nuna muku, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, shi ne mu da muka yi bokon mun kasa yin wannan tambaya a gaban kwamfuta.

Ga yadda abin yake. Turawan Ingila sun bar mana al'adar raba dubbai da waƙafi, da raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa da ɗigo. Faransawa kuwa suka koya wa 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi akasin haka: a wurinsu waƙafi shi ne ɗigonmu, dubbai kuma ɗan fili ake bari a tsakaninsu. Saboda haka in ma'aikacin Nijar ya rubuta 1,250 yana nufin ɗaya da kwata, mu kuwa dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin muke karantawa. Kwamfuta ba ta da ra'ayi a wannan gardama. Akwai wani saiti a cikinta inda ake zaɓa mata ƙasa, kuma da idon wannan ƙasa manhajar lissafi irin su Excel take karanta duk abin da aka shigar mata.

Sai dai a yi adalci, ba kullum ake ɓarna ba. In an aiko da jadawalin a cikakken fayil na Excel, adadin yana nan daram, kamanninsa kaɗai ke sauyawa. Ɓarnar tana zuwa ne in an kwafo lambobi daga wasiƙa ko rahoto, ko an aiko su a fayil irin na CSV, wanda tsurar rubutu ne. A nan 1,250 ɗin Bafaranshe zai kumbura sau dubu. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne 12,5. Na'urar da aka saita da Ingilishi ba ta san shi a matsayin lamba ba, sai ta ɗauke shi kalma ce, ta jingina shi a gefen hagu na gidansa, in an zo tarawa ta tsallake shi shiru, ba ƙorafi ba gargaɗi. Jimla ta fito tsaf, sai dai ƙarya ce.

Wani zai ce, to ina ruwan Haɗeja da rubutun Faransa? Ai ruwan ne ma ya haɗa mu. Kogin Haɗeja yana bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da na Jama'are, su zama kogin Yobe, wanda ya yi iyaka tsakaninmu da Nijar a wajen Diffa kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isowa fadamarmu ya zama maganar lissafi: nawa aka saki, yaushe, tsayinsa nawa a gada kaza. Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 a Njamena take, kuma Nijar da Chadi da Kamaru duk da Faransanci suke yawancin aikinsu. Labudda takardun awon ruwa da na damina suna ƙetare iyaka, kuma a kan teburin ƙaramin ma'aikaci suke sauka, shi ne mai shigar da su. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, ya ga yadda Haɗejawa suka kwana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga, ya ga shinkafar da ta nutse, ba zai kira kuskure a awon ruwa ƙaramin abu ba.

Kwanan wata ma haka. Mu 3/9/2022 uku ga Satumba ne, tsakiyar cikar kogi. Na'urar da aka bari a saitin Amurka tara ga Maris za ta karanta, lokacin da masu noman rani ke neman ruwa ido rufe. Yawancin kwamfutocin ofisoshinmu kuwa a saitin Amurkan suke, ba don wani ya zaɓa ba, sai don yaron da ya ɗora manhajar a shago yana sauri. Na gwanjo kuma sukan zo da saitin ƙasar da aka yi amfani da su.

Ban yarda da masu cewa a tilasta wa Faransawa bin namu ba. Babban taron duniya kan ma'aunai, a zamansa na 2003, ya amince da ɗigo da waƙafi duka biyu, ya kuma ce in za a raba dubbai a yi da fili kawai. Ke nan babu mai laifi a cikin mu da su, kuma bambancin ba zai gushe ba. Laifin da nake gani na koyarwarmu ne. Mun haddace tarihin kwamfuta mataki-mataki don cin jarrabawa, amma ban taɓa jin malami ya ce mu buɗe wurin saitin ƙasa mu ga abin da ke ciki ba, alhali aikin minti biyu ne, kuma Nijeriya tana cikin jerin.

Shawarata ga kowane ofis a Jigawa ita ce a saita dukan na'urorinsa iri ɗaya, sa'an nan kowane jadawali a rubuta a samansa ƙarara cewa ɗigo ne ke raba ɓurɓushi, rana ce ke gaban wata, awon kuma mita ne ko santimita. Kai kuma ɗan'uwa da za ka fara aiki bana, in takarda ta zo maka daga hayin iyaka, kafin ka tara komi ka bi sahun lambobin da ido daga sama har ƙasa. Duk wadda ka gani ta raɓe a gefen hagu, na'urarka ba ta ƙirga ta ba.