Kawo Tsohuwa Ka Cika Kuɗi: Wa Ke Cin Ribar Musayar Kwamfuta?

A shekarar 1986 kamfanin Apple na Amurka ya yi wa masu kwamfutar Lisa wani tayi. Mutum ya mayar da tasa, ya cika dala 1,498, a ba shi sabuwar Macintosh Plus haɗe da ma'adanar bayanai ta Hard Disk 20, kayan da kuɗinsu a kanti ya kai dala 4,098. A ido garaɓasa ce. Sai an ɗauki alƙalami ake ganin inda gizo ke saƙar. Lisa ta fito ne a Janairun 1983 a kan dala 9,995. Wanda ya yi sammakon saye a lokacin, sannan ya karɓi wannan tayi, ya zuba wa kamfanin dala 11,493 ke nan, don kawai ya mallaki irin kwamfutar da maƙwabcinsa, wanda bai taɓa ba Apple ko sisi ba, zai shiga kanti ya ɗauka a kan dala 4,098.

Duk da haka, ra'ayin da ya fi yaɗuwa tsakanin masu sha'awar na'urori shi ne irin wannan musaya alheri ce. Ana cewa kamfanin da ya karɓi tsohuwar kwamfuta ya yi ragi a kan sabuwa ya nuna bai manta da waɗanda suka fara amincewa da shi ba, kuma wanda ya yi alƙawarin cewa na'urarsa za ta karɓi ƙari nan gaba ya kare mai saye daga asara. Tarihin kasuwar kwamfuta na sama da shekara arba'in bai goyi bayan wannan magana ba. Abin da ya nuna shi ne musaya da alƙawari kayan aikin sashen talla ne, kuma mai sayen farko shi ne wanda ya fi kowa biyan kuɗinsu.

A koma kan Lisa, domin labarinta bai ƙare a lissafin can ba. Idan aka cire 1,498 daga 4,098, kamfanin ya ƙiyasta tsohuwar kwamfutar a kan dala 2,600, kuma ƙiyasin bai bambanta tsakanin mutane ba. Wanda ya biya 9,995 a 1983 da wanda ya jira har 1985 ya sayi Lisa ɗin da aka sauya wa suna zuwa Macintosh XL a kan dala 3,995, darajar da aka ba su ɗaya ce. Tayin da aka ce na girmama 'yan farko ne sai ya fi yi wa 'yan baya daɗi. Sannan ita kanta dala 2,600 ɗin ba kuɗi ba ce da wani ya ƙirga a tafin hannunsa. Ragi ne a kan farashin kanti, farashin da kamfanin da kansa ya yanke kuma ya riga ya ɗora ribarsa a ciki. Ga kuma asarar da ba ta shiga lissafi ba: manhajojin ofis na Lisa ba sa aiki a kan Macintosh Plus, sai mutum ya sake sayen wasu, ya sake koyo, ya yi fama da juyar da takardunsa. Ita kuwa Apple ta sami kuɗi a hannu, ta sami kwastoma a kan sabon layinta, ta kuma huta da nauyin kula da na'urar da ta riga ta daina ƙerawa tun Afrilun 1985. A 1989 aka kwashi Lisa kusan 2,700 da ba a sayar ba aka binne su a jujin garin Logan da ke jihar Utah.

Masu kare kamfanin za su ce ai a 1984 an yi wa masu Lisa ta farko gyara kyauta, aka mayar da ita Lisa 2. Gaskiya ne. Amma abin da aka cire musu shi ne na'urorin karanta faifai guda biyu da ake kira Twiggy, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen lalacewa, aka sa musu na Sony. Haka Apple ta maye gurbin kwamfutocin Apple III kusan 14,000 na farko saboda matsalolin da suka fito da su daga masana'anta, haka IBM ta raba wa masu kwamfutarta PCjr sabbin madannai kyauta a 1984 bayan an yi ta kuka da na farkon. Wanda ya sayar da kaya mai aibi ya dawo ya gyara, bashi ya biya. Kiran wannan karamci rainin hankali ne.

Macintosh ta farko ta fi bayyana yadda abin yake. Ta fito ranar 24 ga Janairun 1984 a kan dala 2,495, da ƙwaƙwalwar aiki mai girman 128K, wadda ta yi mata kaɗan ƙwarai, har kwafin faifai ɗaya sai mutum ya yi ta cirewa yana mayarwa. Injiniyoyinta sun san haka. An ma ƙera allon cikinta ta yadda zai karɓi manyan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da zarar sun yi araha. Wata takwas bayan nan, a Satumba, sai ga Macintosh 512K a kan dala 3,195, aka kuma sauko da farashin ta farkon zuwa 2,195. Wanda ya riga ya saya aka ce ya kawo dala 995 a ƙara masa ƙwaƙwalwa. Jimilla 3,490 ke nan, wato ya zarce wanda ya yi haƙuri da kusan dala 300, bayan ya shafe watanni yana gwajin na'urar da ba ta kammalu ba, yana kuma yi mata talla kyauta a wurin abokansa.

Ba shi da wata hanya mai sauƙi ta kaucewa, domin an liƙe ƙwayoyin da dalma a jikin allon, akwatin kuma ba ya buɗuwa sai da wani dogon sukudireba na musamman. Da hushi ya yi yawa, masu gyara na gefe suka shiga aikin da araha, har mujallar Dr. Dobb's Journal ta buga yadda mutum zai yi da kansa a farkon 1985. Sauƙin da masu sayen farko suka samu daga wajen kamfanin ya zo.

To, me ya sa kamfanoni ke son yin alƙawarin ƙari tun kafin ƙarin ya samu? Amsar tana cikin abin da ya sami Adam Osborne. Kamfaninsa ya yi kasuwa sosai da Osborne 1, wadda ta fito a 1981 a kan dala 1,795. A 1983 ya fara zancen sabuwar da ke tafe, dillalai suka ja baya daga tsohuwar, kafin ƙarshen Satumba kamfanin ya durƙushe. Masana na jayayya a kan ko wannan ne ainihin dalilin faɗuwar, domin akwai gasar kamfanin Kaypro da rikicin gudanarwa, amma darasin da sauran kamfanoni suka ɗauka guda ne: babban abin tsoro shi ne kwastoman da ya yanke shawarar jira. Alƙawarin ƙari magani ne na wannan jiran. Ana ce wa mutum ya saya yau, gobe ba za a bar shi a baya ba. Kuɗinsa ya shiga aljihun kamfani a yau ɗin, alƙawarin kuma ya rage babu ranar cikawa, babu farashi.

Wannan ba zargi ba ne na marubuta kawai, hukuma ta taɓa shiga ciki. A 1994, lokacin da Apple ke komawa kan furosesa ta PowerPC, ta ci gaba da sayar da kwamfutocin Performa 550 da Performa 560 da LC 550 tana tallata cewa za a iya ɗaga su zuwa sabon tsarin. Hukumar kula da harkokin kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta zargi kamfanin da cewa ƙarin bai samu ba sai bayan aƙalla shekara guda, kuma da ya zo, kuɗinsa ya kusa kai na sabuwar kwamfuta sukutum. A 1997 aka yi sulhu: Apple ta amince ta sayar da kayan ƙarin a kan dala 599, ta kuma mayar wa waɗanda suka riga suka saya da tsada dala 776. Shekara uku a duniyar kwamfuta ta wancan zamani tsufa ne. Ihu bayan hari aka yi.

Microsoft da abokan hulɗarta sun maimaita wasan a 2006. Windows Vista ta makara, ba za ta iso kantuna ba sai Janairun 2007, ga shi cinikin Kirsimeti na neman kuɓucewa. Sai aka manna wa kwamfutoci takarda mai cewa za su iya ɗaukar Vista. Da Vista ta zo, da yawa daga cikinsu ba su iya ɗaukar komai ba sai mafi ƙanƙantar samfurinta, Home Basic, wadda ba ta da kwalliyar da aka yi ta nunawa a talla. Saƙonnin cikin gida da suka fito a shari'ar da aka shigar a Seattle sun nuna cewa an sassauta sharuɗɗan manna takardar ne don Intel ta samu ta sayar da wani rukunin ƙwayoyinta da bai cika ma'aunin farko ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu kare kamfanoni ita ce babu wanda ya tilasta wa kowa saye, fasaha kullum gaba take yi, farashi kullum sauka yake yi, wanda ya fara saye kuma ya fara mora. Wannan duk haka ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a tsayar da ci gaba don kada wani ya ji haushi. Sai dai hujjar ta kauce wa inda matsalar take. Mutumin da ya sayi Performa 550 a 1994 ya san sabuwa na tafe, shi ya sa ma ya yi niyyar jira. Alƙawari ne ya hana shi jiran. Ya biya kuɗin kwamfuta ya kuma biya kuɗin magana, kwamfutar kaɗai aka ba shi. Idan kamfani ya yi shiru ya bar mutum da hasashensa, laifin nasa ne in ya yi gaggawa. Idan kuwa ya buɗe baki ya ce a saya ba za a yi nadama ba, maganar ta zama ɓangaren kayan da aka sayar.

Abin lura kuma shi ne yadda diyya ke fitowa idan ta fito. A 1994 wani malamin lissafi, Thomas Nicely, ya gano kuskuren rabawa a furosesa ta Pentium. Da farko Intel cewa ta yi sai wanda ya tabbatar mata aikinsa na buƙatar irin wannan daidaito za ta sauya wa. Sai da IBM ta dakatar da sayar da kwamfutocin da ke ɗauke da ita, jaridu suka yi caa, sannan a Disamba ta amince ta sauya wa kowa, abin da ya ci mata dala miliyan 475. A 2007 iPhone ta farko ta fito ranar 29 ga Yuni a kan dala 599, ranar 5 ga Satumba aka zabtare dala 200. Da waɗanda suka kwana a layi suka tayar da ƙayar baya, shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya fitar da wasiƙa washegari ya ba su dala 100, rabin abin da aka rage, ita ma takardar sayayya ce da ba ta aiki sai a kantin Apple. A 2021 masu rubuta manhaja da suka biya dala 500 don karɓar aron na'urar gwaji ta sabuwar furosesar Apple aka ce su mayar a ba su takardar dala 200, sai da suka yi surutu aka mayar da ita 500. A duk waɗannan, tayin farko shi ne ainihin niyyar kamfanin, na biyun kuwa tsadar surutu ce.

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ana musaya kullum, a kawo tsohuwa a cika kuɗi a tafi da sabuwa, kuma babu ɗan kasuwar da ke kiran wannan taimako. Kowa ya san mai shago ya sayi taka da araha ya sayar maka da tasa da riba, ya ci sau biyu, ciniki ne kuma ana taya shi a fili. Manyan kamfanoni abu ɗaya suke yi, sai dai su ne ke yanka wa tsohuwar farashi, su yanka wa sabuwar, su kuma zaɓi ranar da tsohuwar za ta daina amfani.

Wannan iko na ƙarshe shi ne ya fi shafar masu saye a wannan yanki. A 2015 wani jami'in Microsoft ya bayyana Windows 10 a matsayin Windows ta ƙarshe, wadda za a yi ta sabuntawa. A 2021 sai ga Windows 11 da sharuɗɗan da suka fitar da akasarin kwamfutocin da furosesarsu ta girmi ƙarni na takwas na Intel, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau. Ranar 14 ga Oktoban 2025 aka rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum, aka bar ƙarin shekara guda ga wanda ya biya dala 30 ko ya cika wasu sharuɗɗa, shawarar da kamfanin ya bayar kuma ta haɗa da a kai tsohuwar musaya a sayi sabuwa. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke saukewa ba ɓacewa suke yi ba. Wasunsu kan sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su iso shagunan titin Beirut a Kano a matsayin tokunbo. Ɗalibi ko mai shagon buga takardu da ya sayi ɗaya daga cikinsu ya sayi na'urar da wa'adin manhajarta ya ƙare ko ya kusa, kuma ba shi da FTC da za ta tsaya masa, ba shi da takardar ragin da za a ba shi in ya yi surutu.