Savoca ba Corleone ba ce

Da zarar jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya tsaya a Messina, motoci kan kwashi fasinjoji su haura da su Savoca, ƙauyen kan dutse a Sisili inda Coppola ya ɗauki wani sashe na The Godfather na 1972, Savoca tana tsayawa a madadin Corleone. Hoto a Bar Vitelli, hoto a ƙofar cocin da Michael ya yi aure, sai komawa jirgi. Auren da a fim kaɗai aka ɗaura!

Wannan da sauƙi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne tsarabar da ake saye da fara'a, mai hoton uban mafiya, a tsibirin da mafiyar gaske ta tarwatsa alƙali Falcone da matarsa da bam a 1992.