Matasa da aikin gayya: kada a jira sai ruwa ya ci gari



Duk lokacin da damina ke ƙaratowa, ya kamata a tuna wa matasan biranenmu abin da ya faru a Maiduguri. Daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, bai bar fadar Shehu da asibitin koyarwa ba. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994. Kafin jami'an agaji su isa wasu lungunan, samarin unguwa ne suka faɗa ruwa iya ƙirji, wannan ya goyo tsohuwa, wancan ya ɗago jariri sama da kansa. Wasu suka yi karo-karo ta WhatsApp, aka ɗora tukwane, aka kai dafaffen abinci sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba wanda ya biya su.

Abin damuwar shi ne wannan himma ba ta motsawa sai masifa ta sauka.

A duba Kano ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli. Ana hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe domin kowa ya gyara ƙofar gidansa. Sai ka tarar samari sun jera duwatsu a tsakiyar kwalta suna buga ƙwallo, kwatar da ke gefensu kuwa ta cushe da ledar ruwa da yashi da robar lemo, ta yi baƙi ƙirin tana wari. Ruwan farko na sauka ta tumbatsa, ta jiƙe gindin katangar ƙasa, sauro ya samu gida. A watan Agusta kuma a fara zaryar asibiti da yara masu zazzaɓi.

A ƙauye an san gayya. Idan noma ya fi ƙarfin dattijo ko matar da miji ya rasu ya bari da marayu, sarkin noma kan yi shela, samari su fito da garma, makaɗa na zuga su, kafin azahar an gama gona, a sha fura a watse. Da gayya ake yaɓen masallaci, da ita ake gyaran maƙabarta. A birni kuwa, ka ce a fito yasar kwata, tambayar farko ita ce: "Nawa za a ba mu?"

Laifin ba na matasan kaɗai ba ne. 'Yan siyasa sun saba musu da cewa duk fitowa da kuɗinta, ko da liƙa fosta ce, sannan wanda ya wayi gari bai karya ba da wuya ya yi wa unguwa aikin sa kai. Masu hali a unguwa su sayi shebur da baro da safar hannu da takalmin ruwa, su ciyar da waɗanda suka fito. Mai unguwa ya sa rana, liman ya sanar a masallaci. Hukumar kwashe shara ta REMASAB kuma ta turo mota a ranar, domin dattin da aka yaso aka tara a bakin titi, kwatar yake komawa da an yi ruwa.

Wanda bai iya riƙe shebur ba yana da abin bayarwa. Ɗalibin da ya gama jami'a yana jiran kiran bautar ƙasa zai iya komawa firamaren da ta yaye shi ya koyar da lissafi. Lafiyayyen saurayi kuma ya je asibiti ya ba da jini, tunda kullum ana cigiyarsa saboda masu haihuwa da masu sikila.

Roƙon da ake yi wa wannan jarida shi ne ta ware gurbi duk wata, ta riƙa buga hoton unguwar da matasanta suka fito aiki, da sunan unguwar da abin da suka gyara.

Wassalam.

Wani mai karatu,
daga Kano