Tara ta hukuma ce, diyya kuma sai kotu ta yarda da takarda

A watan Yulin 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar kamfanonin ƙera manyan motoci Yuro biliyan 2.93, bayan ta gano cewa Daimler, Volvo/Renault, Iveco, DAF da MAN sun shekara 14, daga 1997 zuwa 2011, suna haɗa baki a kan farashi. MAN ya tsira daga tarar saboda shi ya tona asirin.

Sai dai ko sisi daga wannan kuɗi bai shiga aljihun waɗanda suka sayi motocin da tsada ba, domin asusun Tarayyar tara take shiga. Mai son diyya dole ya je kotu da ƙafarsa. A nan maganar take: shin alƙali zai karɓi takardar hukuncin hukumar kula da gasar kasuwanci a matsayin hujja, ko kuwa mai ƙara zai sake tabbatar da laifin tun daga tushe? Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ikon shiga ofishin kamfani ya kwashe takardu. Hukuma ce ke da wannan iko, don haka bincikenta shi ne makaminsa.

Turai ta warware batun mataki-mataki. Wata doka ta 2003 ta hana kotunan ƙasashe yanke hukuncin da ya saɓa wa na Hukumar Tarayyar. Dokar diyya ta 2014 ta ƙara da cewa idan hukumar gasa ta wata ƙasa ta sami kamfani da laifi, kuma damar ɗaukaka ƙara ta ƙare, to a kotunan ƙasar laifin ya tabbata, babu sauran musu. A kotun wata ƙasar Tarayyar kuwa, takardar aƙalla hujjar farko ce da kamfani zai iya ƙalubalanta. Faransa ta shigar da tsarin cikin dokarta ta kasuwanci a 2017.

Amma takardar tana da iyaka. Laifi take tabbatarwa, ba yawan asara ba. Shi ya sa aka daɗe ana ja-in-ja a Sifaniya, har sai da kotun ƙolin ƙasar, a watan Yunin 2023, ta tsayar da diyya a kan kashi 5 cikin 100 na farashin mota a shari'o'in da ke gabanta. Haka kuma bayanan da kamfani ya bayar don neman sassauci, doka ta hana a miƙa su ga masu ƙara.

A Yammacin Afirka, nauyin takarda yana sauyawa da zarar an ƙetare iyaka. A ƙasashen UEMOA, ciki har da Nijar da Benin da Togo, kotun ƙungiyar ta bayyana tun shekarar 2000 cewa hurumin dokar gasa na ƙungiyar ne, wadda hukumarta ke Wagadugu. Najeriya tana da nata tsarin: hukumar FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a 2024, kotun musamman ta gasa ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025, kuma doka ta ce sai an yi rajistar hukuncin irin wannan kotu a Babbar Kotun Tarayya kafin a zartar da shi. CEDEAO tana da hukumar gasa a Gambiya, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Ke nan mai fatauci tsakanin Maraɗi da Kano yana ƙarƙashin tsari biyu, alhali kamfanin da yake sayen kaya a hannunsa ɗaya ne. Muddin ƙasashen yankin ba su rubuta ƙarara ba irin nauyin da kotun wata za ta ba hukuncin hukumar wata, to za a ci gaba da cin tara, wanda aka cuta kuma ya tashi a tutar babu. Ko an rubuta, darasin Sifaniya na nan: wanda bai adana rasit da takardun cinikinsa ba, da wuya ya nuna wa alƙali nawa ya yi asara.