Yanka Filaye A Tuddan Paraku Da Jugu: Ina Ruwan Zai Bi?

Duk ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Kwatano da Malanbil, ko wanda ke shigowa ta Cikanda da Nikki, shaida ne a kan yadda garin Paraku ya buɗe a 'yan shekarun nan. Wuraren da a da gonakin doya da na yazawa ne, yau turakun siminti na shaidar fili ne jere a kansu. Haka abin yake a Jugu, mai nisan kimanin kilomita 135 yamma da Paraku. Ƙidayar jama'a ta 2002 ta nuna Paraku na da mutum 149,819, zuwa ƙidayar 2013 sun kai 255,478. A daidai wannan tsakani ƙaramar hukumar Jugu ta tashi daga mutum 181,895 zuwa 267,812. Waɗannan mutane kuwa kowanensu na neman inda zai sa haƙarƙarinsa, abin da ya sa gini ya haura tudu, ya bi gangare, ya kuma gangara har cikin fadama.

Mu Hausawa ba baƙi ne a wannan lamari ba. Tun zamanin fataucin goro ayarin kakanninmu ke yada zango a Paraku da Jugu a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja, kuma har gobe al'adar ɗan kasuwa ce in ya ga riba ya binne ta a ƙasa. Rufe iyakar Nijeriya daga 2019 zuwa 2020, da rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, sun ƙara nuna wa mutane cewa kaya na iya kwana a mota har su lalace, shi kuwa fili ba ya ruɓewa. To amma abin tambaya a nan shi ne, wane fili, kuma a ina?

Babu wani dogon dutse a cikin garuruwan nan biyu irin na Natitingu. Abin da ake da shi tuddai ne da kwaruruwa, hawa da sauka, wanda ɗan zemijan ya fi kowa saninsu saboda man da suke sha masa. Sai dai ƙasar tana samun ruwan sama na kusan milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa a 'yan watanni. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yana zubar da lita 120,000 a damina guda, wato duro 600 ke nan. A lokacin da wurin yake gona, itatuwa da ciyawa da ƙasa ne ke shanye yawancin ruwan. Da zarar an sare itatuwan, an rufa kwano, an shafe tsakar gida da siminti, sai kowane gida ya fitar da bututu waje ya sallami ruwansa. Gida dubu a kan tudu ɗaya sun isa su mai da titi rafi. Ruwan zai kwashi jar ƙasa, ya haƙa kwazazzabo, ya tone harsashin ginin da ke gangare, sannan ya je ya cike lambatu da yashi a ƙasa. Wanda ke da shago ko sito a kwari shi zai wayi gari buhunan masara da dilolin atamfa na iyo, alhali bai san ma ranar da aka yanka filayen da suka jawo masa ba.

Abin bai tsaya a cikin gari ba. Kogin Weme, wanda ya fi kowane kogi girma a Benin, daga duwatsun Taneka da ke arewa da Jugu yake tasowa, kogin Okpara da Paraku ke sha daga gare shi kuwa a cikin Weme yake zubawa. Ba a manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta shafi ƙananan hukumomi 55 daga cikin 77 na ƙasar, ta taɓa mutum kimanin 680,000.

Babbar matsalar ita ce yadda ake sayar da fili tun kafin a tsara wurin. Mai gona zai yanka ya sayar, a rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu. Sai bayan shekaru ma'aikatar magajin gari ta turo masu awo don yin abin da ake kira lotisma. Za a rage wa kowa wani kaso na filinsa don fitar da hanyoyi da makaranta da kasuwa, sannan a sake zaunar da mutane. A nan ne wanda ya sayi tudu kan iya tsintar kansa a gangare ko a bakin fadama. Bugu da ƙari, in aka zana tituna a miƙe kamar a kan faranti ba tare da duba inda ƙasa ta karkata ba, titin da ya fuskanci gangare shi ne zai zama hanyar ruwa tun damina ta farko. Filayen da ake warewa don amfanin jama'a su ma ba su tsira daga masu kwaɗayi ba, kamar yadda shari'ar hekta 39 ta Abome-Kalabi ta nuna a 2021.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Tun ranar 7 ga Fabrairun 1992 ma'aikatar da ke kula da muhalli da gidaje ta fitar da umarnin da ya lissafa wuraren da ba su dace da zama ba, ciki har da fadamu, da wuraren da ruwa ke kwanciya, da cikin rafi da gaɓarsa, da ramukan da ake haƙar dutse ko tsakuwa. Daga 2003, da aka fara mulkin zaɓaɓɓun magadan gari, tsara filaye da ba da izinin gini suka koma hannun ƙananan hukumomi. A 2013 aka yi dokar filaye, aka yi mata gyara a 2017, ita ce kuma ta kafa hukumar ANDF mai ba da takardar mallaka ta dindindin. Akwai wani sashe na wannan doka da ya kamata 'yan uwa masu takardun Nijeriya ko Nijar su sani: ƙasar karkara ɗan ƙasa kaɗai ke da ikon saye, baƙo kuwa sai a cikin birni, shi ma bisa sharaɗin yarjejeniya tsakanin ƙasashen. Filayen bayan gari masu araha da dillalai ke tallatawa, wasunsu a takarda har yanzu karkara ne.

Gaskiya ne gwamnati ta kashe kuɗi. An shimfiɗa tituna da magudanai a Paraku a shirin kwalta da aka fara a 2018, garin na cikin shirin magudanan ruwan sama na manyan garuruwa da Bankin Raya Afirka ya sa wa hannu, ita kuma Jugu na cikin garuruwa bakwai na shirin da Bankin Duniya ya amince da shi a 2022. Sai dai kowane lambatu da girmansa aka gina shi. In aka ci gaba da rufe tuddai da kwano ba tare da ƙa'ida ba, wanda ya isa bana ba zai isa nan da shekara biyar ba, bashin da aka ci kuma yana nan. Wasu na cewa talaka ba shi da zaɓi, inda kuɗinsa ya kai nan zai gina. Wannan magana ce mai ƙarfi, shi ya sa ya fi dacewa a hana sayar da wurin tun farko, maimakon a bari mutum ya zuba gumin shekara ashirin sannan a turo masa katafila. 'Yan kasuwar Paraku sun ga rusau na watan Janairun 2017, lokacin da aka kwashe rumfunan bakin titi, sun san zafin abin.

Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Agustan 2017 gefen dutse ya zaftaro wa unguwar Regent a Firitawun ta Saliyo, inda aka sare daji aka yi gine-gine a gangare, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓata. A Oktoban 2019 irin haka ta ci mutum fiye da 40 a Bafusam ta Kamaru. Tuddanmu ba su kai nasu tsayi ba, don haka wanda ya fi kama da namu shi ne na Mokwa a Jihar Neja, garin 'yan kasuwa a kan babbar hanya, inda ruwa ya afka wa Unguwar Hausawa da Tiffin Maza a ƙarshen watan Mayun 2025, aka rasa rayuka sama da 150.

Abin da ake buƙata daga ƙananan hukumomin biyu ba ya wuce su fitar da taswirar gangare da hanyoyin ruwa kafin a kafa turke ko ɗaya. A bar itatuwa a ƙoƙuwar tudu, a ƙayyade iyakar abin da mutum zai rufe a filinsa, tituna su bi gicciyen gangare, a hana haƙar tsakuwa a saman unguwanni, fadama kuma a bar wa masu lambu. Jugu ma ba sai ta je koyo wani wuri ba, tunda dazuzzukan Kilir da Subruku da magabata suka tsare suna nan kusa da gari.

Mu kuma namu ya rage. Zuwa da kai ya fi saƙo: kada a sayi fili ta waya, kada kuma a saya da rani. A je a watan Agusta ko Satumba bayan an ɗauke ruwa, a dubi inda ya bi, a dubi bangon maƙwabta ko akwai shatin ruwa. A tambaya a ma'aikatar magajin gari ko an yi wa wurin lotisma, a nemi ganin taswira, a bi ta ofishin ANDF kafin a ƙirga kuɗi. Araha ba ta ado. Har ila yau, sarakunan zango da shugabannin 'yan kasuwa na Arzeke da na babbar kasuwar Jugu su riƙa tura wakilai duk lokacin da aka kafa taswira don jin koken jama'a, ko da unguwar ba tasu ba ce, domin ruwan can bisa ƙofar shagunansu zai biyo.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mana rayuka da dukiya, amin.